Da Wa Kwamfutarka Ke Magana? Tambayoyi da Amsoshi Kan netstat da ss

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga masu kafe da shagunan buga takardu a cikin garin Sakkwato, da masu kula da ɗakunan kwamfuta na makarantu, da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi. Galibi ɗayan abu uku ne ke kawo mutum: data ta ƙare ba a san inda ta bi ba, ko shafi ya ƙi buɗewa, ko zargin wani ya yi kutse. Adireshin 203.0.113.25 da za ka gani a misalai ba na kowa ba ne, an ware shi ne don koyarwa.

Mene ne netstat, kuma me yake nuna mini?

Ƙaramar manhaja ce marar hoto, ana rubuta mata umarni ta amsa da rubutu. Aikinta shi ne ta tambayi tsarin kwamfutar jerin duk haɗin da ke buɗe a wannan daƙiƙar: wace kwamfuta ce a ɗaya ɓangaren, ta wace ƙofa (port, lambar da ke ware kowane aiki) ake maganar, kuma a wane mataki haɗin yake. Tsohon kayan aiki ne, tun 1983 yake cikin Unix na Berkeley, kuma har yau yana nan a Windows da Mac ba sai an sauke komai ba.

Abubuwa biyu ka riƙe tun yanzu, domin yawancin ruɗanin da ke ƙasa daga nan yake tasowa. Abin da yake nuna maka na daidai lokacin da ka danna Enter ne kawai. Haɗin da aka buɗe aka rufe kafin nan ya wuce shi. Sannan kwamfutar da kake kai kaɗai yake gani, ba sauran na'urorin shago ba.

Yaya zan fara a Windows?

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `cmd`, sai Enter. A baƙin allon rubuta `netstat -ano`. Harafin `a` yana kawo duka haɗe-haɗe har da ƙofofin da ke jiran baƙo, `n` yana barin adireshi a lamba, `o` kuma yana ƙara lambar manhajar da ta mallaki haɗin, wadda ake kira PID. Layi ɗaya zai yi kama da haka: `TCP 192.168.8.102:51544 203.0.113.25:443 ESTABLISHED 5120`. Ma'anarsa, kwamfutarka mai adireshi 192.168.8.102 ta fita ta ƙofa 51544 zuwa ƙofa 443 ta wata saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko wani aiki), haɗin ya kankama, kuma manhaja mai lamba 5120 ce ta buɗe shi.

Kada ka bar `n` a baya. Idan babu shi, netstat zai tsaya neman sunan kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya, kuma a ranar da netwok ke jan ƙafa sai ka ga layuka na fitowa da ƙyar har ka zaci ya maƙale. Don tace sakamako, `netstat -ano | findstr ESTABLISHED`. Da manyan haruffa za ka rubuta shi, findstr yana bambance babba da ƙarami. Wani tarko: `findstr :80` zai kwaso har 8080 da 8000. Idan 80 kaɗai kake so, rubuta `findstr /C:":80 "`, da wannan gurbin bayan sifilin.

Na rubuta netstat a Ubuntu ya ce bai san shi ba.

Sababbin Linux sun daina zuwa da shi. Wanda ya gaje shi shi ne `ss`, daga kunshin iproute2, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba a sabar da ke da dubban haɗi, domin kai tsaye yake tambayar ƙwayar tsarin (kernel) maimakon karanta fayilolin `/proc/net`. Rubuta `sudo ss -tunap`: `t` na TCP, `u` na UDP (manyan hanyoyi biyu na aika data), `n` lamba, `a` duka, `p` sunan manhaja. In ba ka sa `sudo` ba, gurbin sunan manhajojin da ba naka ba zai fito wayam. `sudo ss -tlnp` yana kawo ƙofofin da ke jira kaɗai, `ss -s` kuma taƙaitaccen ƙidaya. Wanda hannunsa ya saba da tsohon, `sudo apt install net-tools` zai dawo masa da shi.

A Mac akwai netstat, amma `-p` ɗinsa ba sunan manhaja yake kawowa ba, nau'in sadarwa yake zaɓa. Can `sudo lsof -nP -iTCP` ya fi amfani, kuma yana aiki a Linux ma.

Me ake nufi da 0.0.0.0, 127.0.0.1 da sauran lambobin da ke maimaituwa?

127.0.0.1 kwamfutar ce da kanta. A IPv6 ana rubuta shi `[::1]`. Layin da ke da shi a ɓangarori biyu manhajoji ne na cikin gida ke magana da juna, ba ya cin data ko kobo. 0.0.0.0, ko `[::]`, a gefen hagu na layin LISTENING yana nufin manhajar tana karɓar baƙo ta kowace hanya: ta Wi-Fi, ta kebul, ta ko'ina. Bambancin nan yana da nauyi. MySQL, manhajar rumbun bayanai, da ke jira a `127.0.0.1:3306` ba mai isa gare shi sai wanda ke zaune gaban kwamfutar. Idan kuwa `0.0.0.0:3306` ne, duk wanda ka ba lambar Wi-Fi ɗinka zai iya ƙwanƙwasa masa.

Adireshin da ya fara da 10, ko 192.168, ko 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne, ba ya fita intanet. MiFi na Huawei yakan zauna a 192.168.8.1, hotspot na iPhone a 172.20.10.1, na Windows a 192.168.137.1. Wanda ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 na kamfanin sadarwa ne, inda yake tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda. Idan kuma ka ga naka ya fara da 169.254, rauta ba ta ba ka adireshi ba ke nan. Duba kebul ko ka sake kunna ta kafin ka ci gaba da wani bincike.

Lambobin ƙofa fa, waɗanne ya kamata in haddace?

Ƙofofin, wato port, daga 0 suke zuwa 65535. Na ƙasa da 1024 na sanannun ayyuka ne. Babbar lambar da ke gefenka, irin 51544 a misalin sama, ta aro ce: tsarin ya ɗauko ta don wannan haɗin kawai. Windows yana ara daga 49152 zuwa 65535, Linux daga 32768 zuwa 60999. Ba ta da wata ma'ana, kada ka ɓata data wajen bincikenta. Ta gefen dama ita ce abin kallo.

443 shafukan intanet ne masu kulle, kuma ita za ta cika maka allo. 80 shafi marar kulle, 53 neman suna, 22 SSH (shiga kwamfuta daga nesa da umarni), 993 da 587 karɓa da aika imel. A Windows za ka ga 135, 139 da 445 suna jira kullum, na raba fayil da firinta ne da ayyukan cikin tsarin. 3389 sarrafa kwamfuta ce daga nesa, 9100 firintar netwok, 5228 kuma Chrome ne ke riƙe da layin sanarwa na Google. 7680 yana da nasa bayani a tambayar data. Amma lamba al'ada ce, ba doka ba: kowace manhaja za ta iya amfani da 443, kuma miyagun ma ita suka fi so, don ba a toshe ta.

ESTABLISHED, TIME_WAIT, CLOSE_WAIT… me suke faɗa?

Matakan rayuwar haɗin TCP ne, kamar yadda aka tsara su tun 1981. Ɗauke su kamar kiran waya. LISTENING waya ce a kunne tana jiran kira. SYN_SENT ka kira, tana ringi ba a ɗauka ba. ESTABLISHED an ɗauka, ko ana hira ko an yi shiru kowa na riƙe da layi. CLOSE_WAIT wancan ya yi sallama ya ajiye, naka ɓangaren har yanzu waya na kunnensa. TIME_WAIT kai ka fara ajiyewa, tsarin ya ɗan dakata ko wata kalma da ta makara za ta iso. A `ss` za ka ga an gajarta su zuwa LISTEN da ESTAB, UDP kuma UNCONN.

TIME_WAIT yana gushewa da kansa, bayan daƙiƙa 60 a Linux, minti biyu ko fiye a Windows. FIN_WAIT da LAST_ACK matakan sallama ne da ba su cika daɗewa ba. Biyun da suka cancanci a zuba musu ido su ne SYN_SENT da ya ƙi wucewa da CLOSE_WAIT da ke taruwa, kowannensu da tambayarsa a ƙasa.

Na ga layi sama da ɗari alhali shafi biyu kawai na buɗe. An yi mini kutse ne?

Da wuya. Shafin labarai guda yana jawo hotuna daga wata saba, talla daga wasu, bidiyo daga wata, kuma burauza na iya buɗe haɗi har shida ga kowace saba mai tsohon tsari. Ƙara WhatsApp na kwamfuta, OneDrive, riga-kafin bairos, da TIME_WAIT na shafukan da ka riga ka rufe. Yawan layi ba hujja ba ce.

Abin da ya fi amfani shi ne ka san yadda kwamfutarka take a ranar da take lafiya. Kunna ta, kada ka buɗe komai, jira minti biyar, sai `netstat -ano > lafiya.txt`. Ajiye fayil ɗin. Ranar da zargi ya taso, da shi za ka gwada. Mai kafe da ke da kwamfuta goma iri ɗaya ya fi kowa sauƙi: wadda ta fita daban da 'yan'uwanta ita ce abin bincike.

Na samu PID. Yaya zan san manhajar?

`tasklist /FI "PID eq 5120"` zai ba ka suna. Suna kaɗai bai isa ba, kowa na iya raɗa wa fayil ɗinsa `chrome.exe`. Inda fayil ɗin yake zaune shi ne shaida. Buɗe PowerShell da izinin admin ka rubuta `Get-Process -Id 5120 | Select-Object Name, Path`. A Linux, `sudo ls -l /proc/5120/exe`. Idan ka ga an rubuta deleted a ƙarshen layin, ko dai an sabunta manhajar ba a sake kunna ta ba, ko kuma wani abu ne ya goge kansa bayan ya tashi.

Akwai `netstat -anob` da ke kawo sunan kai tsaye. Yana buƙatar izinin admin, yana da nawa, kuma yana sa sunan a layi na daban ƙarƙashin haɗin, saboda haka findstr zai zubar da shi. Shi ya sa masu aikin suka fi bin hanyar PID. Ka yi sauri dai: da zarar manhaja ta rufe, tsarin na iya ba wata lambarta.

PID 0, PID 4 da svchost.exe sun cika jerin. Su wane ne?

Sifili ba manhaja ba ce. Layukan TIME_WAIT ne da ba su da mai su kuma. Huɗu shi ne System, ƙwayar Windows kanta, ita ke riƙe da 445 da 139. `svchost.exe` kuwa gida ne da ayyukan Windows ke haya a ciki, don haka ganinsa da yawa daidai ne. Don sanin wanda ke ciki: `tasklist /svc /FI "PID eq 5120"`. Na gaskiya a `C:\Windows\System32` yake. Wanda ka tarar a AppData ko Temp, ko aka rubuta shi `scvhost`, ba na Windows ba ne.

Data ta wata guda ta ƙare a mako. netstat zai nuna mini wanda ya cinye ta?

Zai nuna maka waɗanda ke magana, ba zai faɗi yawan abin da kowanne ya kwasa ba. Wannan ita ce babbar gazawarsa a Windows. `netstat -e` yana ba da jimilla kawai, `Get-NetAdapterStatistics` kuma jimillar kowane katin sadarwa. Don ganin mai ci a yanzu, rubuta `resmon` ka shiga sashen Network, can akwai yawan abin da kowace manhaja ke ja a daƙiƙa. A Linux lamarin ya fi kyau: `ss -ti` yana nuna `bytes_received` da `bytes_acked` na kowane haɗi, `sudo nethogs` kuma yana jera manhajoji da gudun kowace.

Wanda aka fi kamawa shi ne svchost mai ɗauke da `DoSvc`, `wuauserv` ko `BITS`, wato sabuntawar Windows. DoSvc shi ne mai jira a ƙofa 7680, kuma gwargwadon yadda aka saita shi yana iya tura wa wasu kwamfutoci guntayen sabuntawar da ya sauke. A shagon da kwamfutoci da yawa ke kan rauta ɗaya, rabawar cikin gida riba ce, don ɗaya ta sauke sauran su karɓa daga gare ta; tura wa na waje ne ya kamata a kashe. Idan da MiFi ko hotspot na waya kake aiki, shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection, Windows zai rage ja ba da izini ba. Bayan sabuntawar Windows sai OneDrive da Google Drive masu loda hotuna, da manhajar torrent da wani yaron shago ya bari a kunne. Ita za ka gane ta da tarin adireshi daban-daban a ƙofofi barkatai.

Ina kallon YouTube amma ban ga haɗinsa a ESTABLISHED ba.

Domin ba ta TCP yake tafiya ba. Chrome da Edge suna magana da Google da wasu manyan kamfanoni ta QUIC, wanda ke kan UDP ƙofa 443. UDP ba shi da matakai, kuma a Windows galibi `*:*` za ka gani a gurbin adireshin waje. Kiran murya da na bidiyo, da yawancin VPN, haka suke. Duk wanda ya tace da `findstr ESTABLISHED` kaɗai ya rufe idonsa ga babban kaso na datarsa. Duba `netstat -ano -p udp`, ko `sudo ss -unp` a Linux, wanda yakan nuna adireshin ɗaya ɓangaren.

Shafin rajista ya ƙi buɗewa, mutane sun yi layi. Laifin netwok ɗina ne ko nasu?

Nan ne netstat ya fi biyan kuɗinsa, musamman lokacin rajistar JAMB ko biyan kuɗin makaranta, da kafe-kafen Mabera da Gawon Nama ke cika. Fara da `nslookup` da sunan shafin don samun adireshinsa. Idan nan ma ya gaza, matsalar neman suna ce, ba a ma kai ga haɗi ba. Gwada `nslookup sunan-shafin 8.8.8.8`, wato ka tambayi sabar neman suna (DNS) ta Google; in ya amsa to DNS na rautarka ne ke da matsala. Idan ka samu adireshi, bar wannan yana gudu: `netstat -no 2 | findstr 203.0.113.25`. Lamba 2 ɗin tana sa ya maimaita duk daƙiƙa biyu, Ctrl da C ke tsayar da shi. Sai ka sake loda shafin kana kallo.

SYN_SENT da ya tsaya cak yana nufin saƙonka ya fita amsa ba ta dawo ba. Windows yakan haƙura bayan kimanin daƙiƙa 21. Idan sauran shafuka na buɗewa, wannan kaɗai ke haka, to sabarsu ce ta cika ko ta faɗi, ko hanyar kamfanin sadarwarka zuwa gare ta ce ta yanke. Canza layi zuwa na wani kamfani zai raba gardama. Idan ko'ina SYN_SENT ne, duba naka: data, sigina, rauta. `Test-NetConnection 203.0.113.25 -Port 443` a PowerShell yana yin wannan gwajin a layi ɗaya.

Idan kuwa ESTABLISHED ne amma shafin na ta juyawa, haɗi ya yiwu, sabar ce ke jinkirin amsa, kuma danna F5 sau ashirin ƙara mata kaya ne kawai. Wani abu da ke yawan faruwa da tsofaffin kwamfutocin kafe: haɗi ya kankama, burauza ta ce shafin ba amintacce ba ne. Kalli agogo. Ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod ya mutu, an ɗauke wuta, kwanan wata ya koma shekarun baya, takardar shaidar shafin ta zama kamar ba ta fara aiki ba. Gyara kwanan wata, canza batirin.

Zan iya ganin abin da sauran kwamfutocin shago ko masu hawa Wi-Fi ɗina ke yi?

Da netstat a'a. Ko da kwamfutarka ce ke raba hotspot, zirga-zirgar wasu wucewa take yi ta cikinta, ba haɗinta ba ne, don haka ba ta shiga jerin. `arp -a` zai nuna maka na'urorin da kwamfutarka ta yi hulɗa da su kwanan nan a cikin gida, amma cikakken jerin yana shafin rauta. Mai rautar MikroTik yana da Torch da jerin Connections a sashen Firewall. Mai rautar Linux yana da `sudo conntrack -L`. In ɓarawon Wi-Fi ne damuwar, canza lambar sirri da kashe WPS sun fi kowane bincike saurin magani.

Apache na XAMPP ya ƙi tashi, wai an riga an kama ƙofa 80.

Matsalar ɗaliban da ke aikin kammala karatu ke nan. Manhaja biyu ba sa jira a ƙofa ɗaya a adireshi ɗaya. `netstat -ano | findstr LISTENING | findstr /C:":80 "` zai ba ka PID na wanda ya riga ka. Idan 4 ne, ba za ka iya kashe shi ba, kuma ba shi ne mai laifin ba: wani aiki ne ya nemi Windows ya riƙe masa ƙofar, yawanci IIS, sabar shafuka ta Microsoft, ko sashen rahoto na SQL Server. `netsh http show servicestate` zai tona shi. Ko ka tsayar da aikin, ga IIS `net stop w3svc`, ko ka buɗe `httpd.conf` ka mai da `Listen 80` zuwa `Listen 8080`, ka riƙa shiga ta `localhost:8080`. Haka MySQL yake yi a 3306 idan akwai wani da aka girka a baya aka manta.

Wani lokaci netstat bai nuna kowa ba, ƙofar kuma ta ƙi kamuwa. Duba `netsh int ipv4 show excludedportrange protocol=tcp`. Hyper-V, da WSL da Docker da ke dogara da shi, suna keɓe wa kansu jerin ƙofofi, kuma taka na iya faɗawa ciki.

To waɗanne alamu ne na gaskiya da ya kamata su tada mini hankali?

Manhajar da ke zaune a Temp, AppData ko Downloads, da sunan da ba ka sani ba, tana riƙe da haɗi zuwa waje. Manhajar da ba ruwanta da intanet, kamar `notepad.exe`, a ESTABLISHED. Haɗin da ke dawowa adireshi guda a kai a kai bayan ka rufe komai. Tarin SYN_SENT zuwa adireshi masu bin juna a ƙofa 445, alamar wani abu na neman inda zai yaɗu; ta wannan ƙofar bairos ɗin WannaCry ya bi a watan Mayun 2017. Sai haɗin da ya shigo daga waje zuwa 3389 ɗinka, ko AnyDesk da TeamViewer, manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, suna aiki alhali ba ka tuna ka girka su ba. Wannan na ƙarshen ya fi shafar shagunan da ake taɓa kuɗi, inda wani ya kira a waya ya ce zai gyara asusu daga nesa. Kasancewa a bayan adireshin kamfanin sadarwa yana hana baƙo shigowa kai tsaye, amma ba ya hana waɗannan, don su daga ciki suke fita.

Manhajar haƙar kirifto a ɓoye, wadda kan zo cikin manhajojin sata, tana riƙe haɗi ɗaya na dindindin, sau da yawa a ƙofa irin 3333, injin kuma na aiki kusan ɗari bisa ɗari. Amma kukan fanka shi kaɗai ba shaida ba ne a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska. Duba Task Manager tukuna. In injin na hutawa fanka na ihu, mai gyara za ka nema ya busa ƙura.

Adireshin ƙasar waje ma ba laifi ba ne. `nslookup` da adireshin, ko `whois` a Linux, zai nuna maka mai shi, kuma yawanci Microsoft, Google, Amazon, Akamai ko Cloudflare za ka tarar. Hakan bai wanke shi ba, tunda kowa na iya hayar saba a wurinsu. Hukunci yana kan fayil ɗin da ya buɗe haɗin, kamar yadda aka yi bayani a tambayar PID.

Yaya zan yanke haɗin da ban yarda da shi ba?

netstat kallo kawai yake yi. Kafin komai rubuta adireshin, PID da inda fayil ɗin yake, don da ka kashe shi shaidar ta tafi. Sannan `taskkill /PID 5120 /F`, ko `sudo kill 5120` a Linux. `sudo ss -K dst 203.0.113.25` yana yanke haɗin ya bar manhajar, in ƙwayar Linux ɗinka ta yarda da hakan. Kada ka kashe `csrss.exe` ko `wininit.exe`, ko svchost da ba ka duba cikinsa ba; wasunsu na faɗuwa, shuɗin allo zai biyo baya.

Idan ya dawo da sabon PID, akwai abin da ke tada shi, a Startup ko Task Scheduler ko Services. Kafin ka gano shi, toshe ta katangar tsaro: `netsh advfirewall firewall add rule name="toshe" dir=out action=block remoteip=203.0.113.25`. Toshe manhajar kanta, ta sa `program=` da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, ya fi ƙarko, don adireshi na canzawa. Kwamfutar da aka tabbatar an shige ta, a cire ta daga netwok, a canza lambobin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a kwashe takardu a sake girka tsarin.

Abin yana faruwa ne da dare bayan an rufe shago. Yaya zan kama shi?

Sa kwamfutar ta riƙa rubutawa. A PowerShell: `while ($true) { Get-Date >> rahoto.txt; netstat -ano >> rahoto.txt; tasklist >> rahoto.txt; Start-Sleep 60 }`. An sa `tasklist` ne domin da safe PID ɗin jiya ba zai ƙara nuna maka kowa ba. A Linux: `while true; do date; ss -tunp; sleep 60; done >> rahoto.txt`, daga asusun root. Awa goma zai ba ka ɗauka 600, fayil na 'yan megabait goma-goma. Kashe barcin kwamfutar, kuma ka tabbata tana kan inbata ko batirin laftof ɗin zai kai safe.

Haɗin daƙiƙa biyu zai iya sulalewa tsakanin ɗauka da ɗauka. Don wannan sai Sysmon na Microsoft, wanda in an kunna masa sashen sadarwa yake rubuta kowane haɗi da sunan fayil ɗinsa a ƙarƙashin Event ID 3.

A sabar makarantarmu CLOSE_WAIT ya kai ɗaruruwa, daga baya ta daina karɓar kowa.

Wannan kuskuren manhajar da ke kan sabar ne, ba na netwok ba. Kwamfutocin ɗalibai sun yi sallama, manhajar ba ta rufe nata ɓangaren ba, kuma CLOSE_WAIT ba shi da agogon da zai share shi. Kowanne yana riƙe da gurbin fayil guda, a Linux kuma iyakar da aka saba ba manhaja 1024 ce. `ulimit -n` zai nuna maka. Da ta cika sai ka ga Too many open files. `sudo ss -tnp state close-wait` zai nuna manhajar. Sake kunna ta yana share su na ɗan lokaci, gyaran gaske kuwa yana hannun wanda ya rubuta ta. Tarin TIME_WAIT a saba mai aiki ba komai ba ne, sai in ya kai ga cinye ƙofofin aro.

Kalli Recv-Q da Send-Q ma, ginshiƙai biyu da `ss` ke nunawa. A haɗin da ya kankama, Recv-Q da ke ƙaruwa yana nufin saƙo ya iso manhajar ba ta ɗauka ba, nauyi ya yi mata yawa. Send-Q da ya ƙi sauka yana nufin an aika ba a tabbatar da isa ba: kebul, suwic, ko kwamfutar ɗalibin. A layin LISTEN na `ss` ma'anar ta sauya: Send-Q shi ne iyakar masu jiran shiga, Recv-Q adadin da ke jira yanzu. In na biyun ya kamo na farkon ana tsakiyar jarrabawa, sababbin masu shiga za su tsaya a SYN_SENT.

netstat zai iya ɓoye mini wani abu? Kuma yana aiki a waya?

Zai iya. Abin da tsarin ya faɗa masa yake maimaitawa, kuma mugunyar manhajar da ta kai ga ƙwayar tsarin tana iya cire kanta daga jerin. Idan fitilar rauta na ta ƙiftawa, ƙidayarta na hawa, kwamfutar kuma ta ce ba ta magana da kowa, gaskata rautar. Abin da ke cikin saƙon ma ba ya gani. Wannan aikin `tcpdump` ne ko Wireshark, su ma a 443 adireshi da girman saƙo za su nuna, ba abin da aka rubuta ba.

A waya kuwa, tun Android 10 aka hana manhajoji leƙa `/proc/net`, saboda haka netstat a cikin Termux, manhajar rubuta umarni a waya, ba zai ba ka komai ba sai wayar da aka yi wa root. Don sanin mai cin data a waya, sashen amfani da data da ke cikin saiti yana jera kowace manhaja da abin da ta ci, kuma daga nan za ka iya hana ta ja a bayan fage.